Mako Guda a Gubuchi da Jar Saniya

A hutun Ista na bana saƙo ya zo mana daga wurin Kawu, cewa lalle mu zo Gubuchi, gama Jar Saniya ba ta da lafiya. Wanda bai san gidanmu ba zai yi tsammani dabba ake nufi. Jar Saniya kuwa tsohuwar tarakta ce, wadda ta girme mu, ta kuma girmi yawancin waɗanda ke cin abincin da take nomawa. Ga labarin abin da muka gani, domin mun san da yawa cikin masu karatu suna da irinta a ƙauyukansu.

Hanya da ƙasa

Mu uku muka tashi daga Zariya ran Litinin da sassafe, watau mai rubuta wannan labari, da ƙanensa, da wani yaro ɗan ajinmu mai son aikin ƙarfe, wanda iyayensa suka yarda ya bi mu. Muka bi hanyar Kano, muka sauka a Tashar Yari, daga nan muka hau babura. Bazara ta yi ƙarfi. Ko'ina an yi sharar gona, an ƙone tattaka, an zuba tulin taki jere-jere ana jiran ruwa. Ɗorawa ta nuna, yara suna ta jifan mangwaro. Tudu duk ya yi fari fat, sai in an gangara fadama ne ido zai huta da ganin kore.

Gubuchi tana cikin ƙaramar hukumar Makarfi, a ƙasar Zazzau, arewacin Jihar Kaduna. Ikara da Kudan maƙwabtan Makarfi ne, noma kuma shi ne abin da ya haɗa su duka. Wannan yanki ya yi suna wajen rake. Da rani za ka ga manyan motoci maƙare da shi suna nufar garuruwa masu nisa, wani kuma a matse shi a dafa mazarƙwaila. A tudu ana noman masara da dawa da waken soya da barkono. Manomin wannan ƙasa ba shi da hutu sosai, da zarar ya gama da fadama sai tudu ya kira shi.

Gidan Kawu yana wata unguwa a gefen gari. Da muka isa, Inna ta kawo ruwa da kunun tsamiya, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya. Ba mu gama sha ba Kawu ya miƙe, ya ce, "Malam, ku zo ku ga maras lafiyar."

Abin da ya faru a watan Fabrairu

Tana tsaye ƙarƙashin bishiyar maina, jan fentinta ya koɗe, ƙafar gaba ta hagu ta karkace waje kamar ƙafar wanda ya gurɗe. Kawu ya ba mu labari. A watan Fabrairu babban ɗansa ya ɗauko lodin rake daga fadama da tirela. Yana hawowa gangare sai tayar hagu ta faɗa wani rami, ya ji ƙas, sitiyarin ya yi sakwaf a hannunsa. Tayar ta juya inda ta ga dama, tarakta ta sauka cikin kwari a bakin hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Allah ya kiyaye, yaran sun riga sun wuce, shi ma direban ƙujewa kaɗai ya yi a gwiwa. Amma tun daga ranar Inna ta ce ɗanta ba zai ƙara hawa wannan ƙarfe ba sai an gyara shi gyaran gaskiya.

Maganar ba ta gida ɗaya ba ce. Gidaje goma sha biyu ne a unguwar suke dogara ga Jar Saniya domin kaftu da huɗa. Akwai shanun huɗa, amma ba kowa ke da su ba, mai su kuma sai ya gama tasa gonar kafin ya dubi ta wani. Kowane manomi ya sani in ruwan shuka ya sauka a watan Mayu, kwanaki kaɗan ne ke raba wanda zai cika rumbu da wanda zai sayi hatsi kafin kaka. Saboda haka lokaci ya ƙure.

Asalin Jar Saniya

Sunanta na gaskiya Massey Ferguson 135. An fara ƙera irinta a 1964, a birnin Coventry na ƙasar Ingila. Injinta na kamfanin Perkins ne, mai silinda 3, yana shan man dizal, ƙarfinsa wajen na doki 45. Sunan Ferguson kuwa na Harry Ferguson ne, mutumin Ireland ta Arewa, wanda ya ƙago dabarar ɗaura garma a bayan tarakta a wuri uku, yadda direba zai ɗaga ta ya sauke ta yana zaune. A 1953 kamfaninsa ya haɗu da Massey-Harris na ƙasar Kanada.

Taraktoci sun yawaita a ƙasarmu a zamanin da kuɗin man fetur ya shigo. A 1975 aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma ta Shugaba Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. A waɗannan shekaru an harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat kuma a Kano, ma'aikatun gona suna ba da hayarsu ga manoma. Yawancinsu sun daɗe da zama tarkace. Waɗanda suka rage su ne waɗanda suka faɗa hannun masu kula. Kawu shi ne mutum na uku da ya mallaki tasa, ya saye ta shekara 20 da suka wuce.

Ran Talata: aka buɗe ciwo

Kawu ya aika aka kira wani tsohon bakanike daga cikin gari, wanda ya koyi aiki tun yana saurayi a wurin da ake ba da hayar taraktoci. Ya zo da yaransa biyu da akwatin sifanu a bayan babur. Bai taɓa kome ba tukuna. Ya ce a tayar da injin. Bugu ɗaya ta tashi, tana ƙugi sumul. Kawu ya yi murmushi, ya ce, "Ka ji ko, Baba? Ban taɓa barinta da tsohon baƙin mai ba."

Tsohon ya ce, "Na ji, maigida. Zuciyarta lafiya lau. Amma yaushe rabonka da sa wa gabanta giris?"

Kawu ya yi shiru.

Tsohon ya kashe injin, ya sa yaronmu ya hau ya juya sitiyari a hankali. Sitiyarin ya yi tafiyar da ta fi taƙi guda kafin tayoyi su motsa. Sa'an nan ya bi da mu gaɓa gaɓa yana nuna mana yadda umurnin hannun direba ke isa ƙasa. Daga sitiyari sanda ta sauka cikin wani akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai ƙarfe mai zare kamar na noti, da ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu sauƙaƙa juyi. Daga akwatin hannuwa biyu suka fito, ɗaya dama ɗaya hagu, in wannan ya yi gaba sai wancan ya yi baya. Kowane hannu yana riƙe da doguwar sanda wadda ta miƙe zuwa tayar gefensa. A bakin kowace sanda akwai gaɓa mai kai kamar ƙwallo cikin ƙoƙo, irin gaɓar kafaɗar mutum. Sandar tana tura wani ɗan hannu da ke bisa sandar tsaye, ita kuwa sandar tsaye ita ce ke ɗauke da taya, tana juyawa cikin bushin guda biyu, sama da ƙasa, da boris a gindinta mai ɗaukar nauyin gaba. A cikin cibiyar taya kuma akwai boris biyu. Daga ƙarshe ya nuna mana babbar ƙusa a tsakiya, wadda dukan ƙarfen gaba ke lilo a kanta, domin in taya ɗaya ta hau kunya ɗayar kada ta bar ƙasa.

Ya ce, "Malam, kai mai koyar da lissafi ne. Tara mini. Nan wasa kaɗan, nan kaɗan, nan kaɗan, har wuri goma. Nawa ke nan?" Muka ce da yawa. Ya ce, "To, shi ne taƙin nan da kuka gani a sitiyari. Ba rana ɗaya ta yi shi ba."

Aka sa duwatsu a bayan manyan tayoyi, aka ɗaga gaba da jak. Tsohon bai yarda kowa ya sa hannu ba sai da aka kawo kututturan itace aka tokare ta da kyau, ya kuma kori ƙananan yaran da suka taru kallo zuwa can inuwar zaure. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwal ƙwal, ya ce wannan bushin ne da boris. Ya kama ta dama da hagu, ta sāke yin ƙara, ya ce wannan bakin sanda ne.

Da aka kwance aka wanke da kananzir a cikin tsohon kwano, sai asiri ya tonu. Ƙwallon bakin sandar hagu ya cinye har ya fice daga ƙoƙonsa, ashe da daɗewa wani ya ɗaure shi da robar tsohon tif da waya. A wurin da ya kamata a sa ƙusa mai baki biyu domin hana noti kwancewa, ƙusar kafinta muka tarar an lanƙwasa. Bushin ɗin sun zama kamar takarda. 'Yan ƙofofin da ake ɗura giris ta cikinsu duk ƙasa ta toshe su, ta bushe kamar siminti. Akwatin sitiyari kuwa, da aka buɗe, wani jan ruwa ne ya fito maimakon mai. Tsohon ya shafa tsohon giris a tafin hannunmu, ya ce mu murza. Muka ji yashi. Ya ce ƙurar rani da taɓon damina in sun haɗu da busasshen giris, dutsen niƙa suke zama, su yi ta cin ƙarfe kullum ba wanda ya ji.

Gardama a zaure

Da dare aka zauna lissafi. Kuɗin kaya da na aiki ya kai kimanin abin da Kawu ya ajiye domin takin zamani na gonar masararsa. Kawu ya ce, "Baba, ba za a kai wa mai walda ya ɗan ɗana bakin sandar ba, mu samu mu wuce daminar nan? In kaka ta yi sai a yi babban gyara."

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce, "Maigida, in garma ce ta karye, kawo in kai walda da kaina, gama in ta sāke karyewa tsayawa kawai za ka yi. Amma wannan gaɓa ce mai motsi, ran mutum kuma yana kanta. In wuta ta taɓa ta, ƙarfen ya mutu. Ba da hannuna ba."

Inna tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Masara in ba ta yi ba bana, ta yi baɗi. Ɗa fa?" Ba wanda ya amsa.

Mu ma muka ga nauyin abin a wuyan Kawu, domin gona ba taki a wannan zamani wahala ce kawai. Sai wani dattijo cikin maƙwabta ya kawo shawara. Ya ce tun da dukansu za su biya kuɗin huɗa in ruwa ya sauka, me zai hana masu hali su ba da rabi tun yanzu? Kafin a kwanta gidaje bakwai sun yi alkawari. Aka ba mu takarda da alƙalami, muka rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, muka karanta musu a fili. Wannan ne aikin farko da muka iya yi da ya fi riƙe fitila.

Kano da Zariya

Ran Laraba muka yi sammako zuwa Kano tare da babban yaron bakaniken, tsofaffin kayan suna cikin buhu. Tsohon ya gargaɗe mu kada mu sayi kome da baki, sai mun aza sabo kusa da tsoho mun gwada, gama irin wannan tarakta tana da ƙirar gaba fiye da ɗaya. Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ƙarfe iri iri yake tuli kamar duwatsu. Mun yi mamaki da muka tarar ana sayar da sababbin kayan taraktar da aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Dalili shi ne an sayar da irinta da yawa ƙwarai a duniya, kuma kamfanin TAFE na Indiya da Millat na Pakistan sun yi shekaru masu yawa suna ƙera 'yan'uwanta. Saboda haka masu ƙera kayan gyara ba su daina ba.

Mai shagon ya fito mana da bakin sanda iri biyu, ya faɗa mana gaskiya cewa ɗaya mai araha ne, ɗaya mai ƙarko. Muka auna su a hannu, muka ji bambancin nauyi. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai yake. Muka sayi masu ƙarko guda 4, da bushin, da boris, da robobin hana ƙura, da sababbin ƙofofin giris, da man giya mai lamba 90 domin akwatin sitiyari. Da sauran canjin ƙanenmu ya sayi famfon ɗura giris.

Ran Alhamis sai Zariya. Sabon bushin in an buga shi cikin gurbinsa yakan ɗan matse, tilas a gyara raminsa daidai kaurin sandar tsaye, kada ya yi tsauri kada kuma ya yi sako-sako. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne. Muka ɗauki ƙarafan gefe biyu da babbar ƙusar tsakiya zuwa wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari. Ya yi ta aunawa yana ragewa kaɗan kaɗan, har sandar ta shiga da turin hannu, tana juyawa ba ƙara ba wasa. Yaronmu bai ƙifta ido ba har aka gama.

Ran Jumma'a da Asabar

Aka fara haɗawa tun da hantsi. Tsohon ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya ce duk abin da ya taɓa ƙasa sai an sāke wanke shi. Ya cusa giris cikin kowane boris da tafin hannunsa har ya fito ta ɗaya gefen. Ya ɗaure notin cibiyar taya yana juya tayar, da ta fara nauyi sai ya ɗan sassauta, ya sa sabuwar ƙusa mai baki biyu ya buɗe bakinta. Akwatin sitiyari ya ba mu sa'a, zarensa da ƙwallayensa ba su lalace ba. Aka wanke shi, aka sāke robobinsa, aka rage wasan da ke ciki, aka cika shi da mai. Da azahar tsohon da yaransa suka tafi masallaci, mu kuwa muka zauna gadin kaya, Inna ta kawo dambu.

Da suka komo sai aikin ƙarshe, watau daidaita tayoyi. Tayoyin gaba ba a barinsu a miƙe sak. Ana so gabansu ya ɗan matso ciki, ya fi bayansu ƙunci da kamar milimita 3, domin in tarakta tana tafiya hanya takan tura su waje. In tazarar ta yi yawa ko ta juye, taya za ta cinye ta gefe ɗaya, sitiyari kuma ya riƙa fizge hannu. Tsohon ya saba aunawa da karan dawa, amma da muka fito da tef ɗin awo na makaranta ya karɓa da murna. Muka auna tsakanin tayoyin ta gaba, muka auna ta baya, yana juya sanda yana ƙara tsawo ko ragewa, sai a karo na huɗu ya ce ya isa.

Ran Asabar da safe aka sauke ta daga kututture. Unguwa duka ta fito. Tsohon ne ya fara hawa, ya zagaya fili a hankali, ya juya dama har ƙarshe, ya juya hagu har ƙarshe, ya hau kunya ya sauka. Ya tsaya ya sāke bin kowane noti da sifana. Sa'an nan ya dubi Inna, ya ce, "Uwargida, a ba shi izini?" Inna ta zagaya gaban taraktar, ta kama tayar hagu da hannu biyu ta girgiza kamar yadda ta ga ana yi. Ba ta motsa ba. Ta ce wa ɗanta, "Hau, amma a hankali." Da ya dawo ya ce wa Kawu, "Baba, ashe haka take da can? Yatsa biyu sun isa juya ta a kan hanya."

Kafin tsohon ya tafi ya kira direban, ya miƙa masa famfon giris, ya bi da shi ƙofa ƙofa yana ƙirgawa. Ya ce a lokacin aiki kowace safiya a share bakin ƙofar tukuna, a ɗura har sabon giris ya turo tsohon waje, a kuma duba man akwatin sitiyari duk lokacin da aka juye baƙin mai. Muka lissafta tare da Kawu, muka ga giris na shekara guda bai kai kuɗin bakin sanda ɗaya ba. Kawu ya ce shi dai kunnensa yana wurin injin shekara 20, domin injin ne ke kuka in yana jin yunwa, gaba kuwa ba ya magana.

Roƙonmu ga masu karatu

In akwai tarakta a gidanku ko a unguwarku, ko ɗanku ne ke tuƙa ta wani, ku yi wannan gwaji kafin ruwa ya sauka. A kashe injin, mutum ɗaya ya juya sitiyari a hankali, wani ya tsaya a gaba yana duban tayoyi. In sitiyari ya yi tafiya mai yawa tayoyi ba su motsa ba, ko kuka ga gaɓar da aka ɗaure da roba ko waya, kada a ɗora mata kaya, kada kuma a ɗauki mutane a tirela ran kasuwa, sai bakanike ya duba. Rigakafi ya fi magani.

Mun kwana Lahadi a Gubuchi, muka komo Zariya ran Litinin da ɗaurin rake da ƙullin mazarƙwaila. Yaronmu ya riƙe tsohon bakin sandar nan, yana kan teburin ajinmu yanzu. Bayan mako uku Kawu ya aiko cewa ruwa ya sauka, Jar Saniya ta gama gonaki biyar, tana kan ta shida, kuma gidajen da suka ba da kuɗi tun farko su aka fara yi wa.